Daminar da Aka Yi Kiwona Don Kokawar Tsafe

Bana ruwa ya yi mana gardama. Tun wanda aka yi shuka da shi ya ɗauke ƙafa, yau kwana goma sha tara. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta kora shi yamma. Ni yanzu ko taki ɗaya na gona ba ni da shi. Shekara biyar ke nan da muka baro ƙauyenmu da ke bayan Furfuri, a ƙasar Bungudu, muka shigo Gusau da abin da muka iya ɗauka a ka, ranar da masu bindiga suka ce ko mu tashi ko su tashe mu. Amma jikin manomi ba ya jin an ce ya daina. Har yau in na fito sallar asuba sai na tsaya na shinshina iska.

Da rana gadi nake yi a wani shagon siminti. In rana ta yi sanyi kuma, akwai wani fili mai yashi a bayan unguwarmu inda samari suke taruwa ina nuna musu kokawa, don ita ce abin da na iya bayan noma. Wanda ya fi su duka shi ne Lawali, magidanci mai 'ya'ya biyu, ɗan gudun hijira irina daga wajen Ruwan Bore. Kurar ruwa yake turawa. Allah ya ba shi ƙashi da ƙugu irin na masu kaye. Shekaranjiya yana riƙe da abokin karawarsa sai na ga gwiwoyinsa sun saki, ya zauna a ƙasa da kansa, ba wanda ya kayar da shi. Da ya sha ruwa idonsa ya washe, sai ya ciro waya daga aljihu.

Ya ce, "Baba Haruna, ji abin da anka rubuta nan. Wai ɗan wasa shi ci ƙwai da madara da safe. In za shi shiga fili shi ci ayaba ko dabino. In ya fito shi samu nama, ko kifi, ko wake. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan, kada shi jira sai ƙishirwa ta kama shi."

Na ce, "Gaskiya sunka faɗi. Kai mi ka ci yau?"

"Garin kwaki."

"Jiya fa?"

Ya yi 'yar dariya, ya mayar da wayar aljihu. "Jiya yara sunka ci."

Na sallami samarin, na zauna a kan yashin, ina kallon hadarin da ba zai zubar da komai ba. A nan wata damina ta dawo mini, wadda ta wuce fiye da shekara arba'in.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai. Mahaifina ya rasu, gida yana hannun ƙanensa Baba Mani. Mu huɗu ne muke ci a tukunya ɗaya: shi, da Innata, da ƙanwata Hajo, da ni. Baba Mani ya yi kokawa a zamaninsa, kuma shi ya koya mini. Bai taɓa shiga aji ba, amma duk abin da Lawali ya karanta mini a waya na riga na ji shi a bakinsa. Yakan ce laya da kambu na masu kallo ne, ƙarfi a ƙwarya yake. Ba ya barina in shiga fili da tuwo a ciki. Fura da nono tun da hantsi, a bar ta ta sauka. In an fito, wake da man gyaɗa, ko hoce da ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwar Bungudu ya kawo mini tsinken hanta ya tsaya a kaina sai na cinye. In na yi gumi da yawa, jiƙon tsamiya da ɗan gishiri, kurɓa-kurɓa. In na yi ƙorafi ya ce, "Da ruwan ciki aka jan na rijiya."

Abokin karawata Bello ne. Rugarsu tana gangaren rafi, arewa da gonarmu. Da rani shanunsu kan kwana a gonarmu su bar mana taki, mu bar musu kara. Mahaifiyarsa Inna Hassi ce take kawo nono gidanmu kowace safiya, Innata ta auna mata gero. Bello dogo ne siriri, in ka gan shi ka ce iska za ta ɗauke shi, amma jijiya ce zalla. In muka kama sau goma sai ya kayar da ni bakwai, ya tsaya a kaina yana dariya yana cewa, "Tashi, Kaɗo, ƙasa ba tabarma ba ce." Kaɗo yake kirana tun muna yara, kamar yadda Fulani suke kiran Bahaushe, ban taɓa jin haushi ba.

Daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari ba ta yi kyau ba. Rumbunmu biyu, ɗaya ne kawai ya sami rabi. Muka shiga bazara muna ƙirga dami. Zafin shekarar ban ga irinsa ba sai na 'yan shekarun nan. Ƙasa takan ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Rijiyar gari ta ja baya har sai an ɗaura igiya biyu, guga ya fito da rabinsa laka. Kuka da gawo suka tsaya tsirara, awaki suna bin inuwar katanga suna haki. A kan hanyar rafi muka fara ganin mushen shanu, ungulu ma sun ƙoshi sun daina tashi in mutum ya zo wucewa.

Azumi ya kama daidai faɗuwar ruwa. Ranar da aka yi na farko, da yamma ne, ana saura kaɗan a sha ruwa. Ƙamshin ƙasa ya tashi, mata suka fito da ƙore suna tara na indararo, Hajo ta tsaya cikin ruwan ta ƙi shiga ɗaki. Washegari kowa ya fita da sungumi. Ni ina gaba ina sara, Inna da Hajo suna baya suna zuba iri suna takewa da diddige, bakinmu a bushe. Sahur ɗinmu kunun kanwa ne tsararo, buɗa-baki ma shi ne, sai ɗan tuwon dawa da miyar kuka da ba ta ga daddawa sosai ba. Gero ya tsiro, ya yi kore shar kamar gashin jariri. Sai ruwa ya ɗauke. Muka ƙirga kwana ashirin da wani abu. Muna kallo tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, ya kwanta. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, tsofaffi suna kuka a filin idi. Da ruwa ya dawo bayan salla, sai da muka ɗebi irin shuka na biyu daga cikin abin da za mu ci.

Da can in an kira gayya, mai gona yakan dama fura ƙwarya-ƙwarya, a yi tuwo a kai gona, makaɗi yana bin bayan samari. A shekarar an yi gayya, amma ba ganga ba abinci. Kowa ya zo da gorar ruwansa, mu yi noman firi a gonar wannan yau, gobe ta wancan. Kafin rana ta take tsaka sai ka ga ƙato ya dafa ƙotar fartanya yana kallon ƙasa, idonsa yana ganin duhu. Mata kuma suka bazu a daji suna tsinkar tafasa da rama, yara suna hawan ɗorawa. Da ka shiga gari da yamma ba ka jin sautin daka sai jefi-jefi, kuma duk gidan da turmi ya yi ƙara maƙwabta sun ji.

Cikin wannan hali Baba Mani ya dawo daga kasuwa da labari. Wani attajiri a Tsafe zai sa kokawa bayan kaka. Wanda ya yi na ɗaya zai ɗauki buhun gero uku da ɗan maraƙi. Bayan sallar magariba ya tara mu a tsakar gida, ya zauna a kan turmin da aka kifar.

Ya ce, "Na duba gona, na duba rumbu. Geron bana ko ya yi, ba shi kai mu tsakiyar rani. Abin da ya rage a rumbu in munka raba daidai-wa-daida, mu kai kaka da rai, amma ba mai iya ɗaga dami. In munka tara shi ga ciki guda, wataƙila cikin shi ciyar da mu har wata shekara."

Ba wanda ya tambayi cikin wa yake nufi. Na ce, "Baba, in anka kayar da ni fa?"

"In anka kayar da kai, an kayar da mu. In ba ka tahi ba ma an riga an kayar da mu."

Inna ba ta ɗago kai ba. Tana tsince ganyen tafasa a faifai ta ce, "Allah shi sa albarka."

Daga ranar aka fara kiwona, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Da hantsi Hajo takan kawo mini fura da nono a zaure. A zaure nake ci, Baba Mani ne ya ce haka, don kada in ci ana kallona. Takan ajiye ƙwaryar ta juya da sauri, ba ta tsayawa. Da yamma in na dawo daga rafi inda muke karawa, akwai ɗan wake da aka ɓoye tun bara don iri, a dafa mini tafin hannu guda da gyaɗa. Su kuma a cikin gida tafasa ce da aka tafasa sau biyu don ta rage ɗaci, a barbaɗa mata dusa. Wani lokaci garin ɗorawa a dama da ruwa. Nakan ji Hajo tana daka furata, taɓarya ta sauka sau biyar ta tsaya, ta sauka sau biyar ta tsaya. Ran nan na bar rabin furar na tura ƙwaryar cikin gida. Inna da kanta ta dawo da ita, ta dire a gabana.

Ta ce, "Haruna, in ka rage, ka zubar da wahalarmu. Shanye."

Na shanye. Kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini daɗi. Wannan ne abin da har yau nake jin nauyinsa. Jikina ya karɓa. Damatsana suka cika, wuyana ya yi kauri, ina tafe cikin gari ina jin ƙafafuna suna taka ƙasa da ƙarfi a tsakanin mutanen da suke jan nasu.

Nonon kuwa bai yanke ba, ko da yake ya ragu. Da can Inna Hassi takan zagaya gari da babbar ƙwarya. Yanzu gidanmu kaɗai take shigowa, da 'yar ƙaramar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Wata safiya ina zaure na ji tana gaya wa Inna a hankali cewa jar saniyar nan ce kaɗai ta rage tana ba da nono, sauran duk sun ƙafe, huɗu sun mutu. Na ji sarai. Na kuma ji ƙarar gero yana zuba a ƙwaryarta, na san kuma ba daga rabona aka ɗebo shi ba. Ban tsaya na haɗa lissafin ba. Na sani, amma ban yarda na sani ba.

A yashin rafi abubuwa suka fara juyawa. Na kayar da Bello sau biyu a jere, sannan sau uku. Na yi murna, na ɗauka gwanintata ce ta ƙaru. Ya zauna yana kakkaɓe yashi daga gwiwar hannu, numfashinsa yana fita da sauri, haƙarƙarinsa a jere kamar an zana.

Ya ce, "Kaɗo, mi aka ba ka kwanan nan?"

Na ce, "Abin da aka ba ka. Ba ku ne masu shanu ba?"

Ya dube ni, ya yi murmushi. Bayan kwana kaɗan ya daina zuwa. Aka ce yana kai sauran shanun nesa neman ciyawa. Na koma karawa da Baba Mani da kututturen giginya da nake ɗagawa ina zagaya gona.

Ruwa ya ɗauke da wuri, gero yana cikin fitar da kai. Zangarniya ta fito dogo-dogo amma in ka murza a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Ko tumu ba mu gasa ba a shekarar. Gonar da take ba mu dami sittin ta ba mu goma sha ɗaya, su ma marasa nauyi. Muka ɗaure su ba tare da kowa ya dubi ɗan'uwansa ba.

Ranar tafiya Inna ta dama mini fura a gora, ta ƙulle hoce biyu a tsumma. Da ta miƙo mini na ga zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Muka hau motar kaya daga Bungudu, ni da Baba Mani, muka ratsa Gusau, muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Hagu da dama gonaki ne irin namu, kara a tsaye ba komai a kansa.

A Tsafe an share fili a gindin dutse, an zagaye shi da mutane. Ban taɓa ganin 'yan kokawa da yawa haka ba, kuma da ka gan su ka san yunwa ce ta kawo rabinsu. Buhunan uku suna jingine a gaban rumfar manya, an ɗaure maraƙin a gefe. Kowa idonsa yana can. Ina ɗaura warki sai na ji an ce, "Kaɗo." Bello ne. A ƙasa ya zo, kwana biyu yana tafiya. Ƙafafunsa sun yi fari fat, idanunsa sun faɗa. Na ɗauko gorar fura na miƙa masa.

Ya ce, "Na ƙoshi."

Na san kunya ce irin tasu, Bafulatani ba ya ci a gaban jama'a. Da na ja shi bayan rumfa na matsa masa, da ya sha. Ban matsa ba. Na mayar da gorar cikin jaka.

Na kayar da mutum biyu ba da wata wahala ba. Shi ma ya kayar da biyu, da dabara kawai, don ƙarfin babu. A zagaye na uku mai shela ya kira sunana ya kira nasa. Baba Mani ya kama wuyana ta baya ya raɗa mini, "Kada ka dubi fuskarshi. Innarka za ka duba."

Muka shiga, muka shafi ƙasa, muka kama. Hannunsa da na sani kamar ƙarfe, na ji shi a kafaɗata kamar na mai zazzaɓi. Ya gwada sa mini ƙafa irin yadda ya saba, na tsallake. Na nutsa na rungumo ƙugunsa na ɗaga. Wallahi damin geron bana ya fi shi nauyi. A nan, yana sama, na sami lokacin da zan iya sauke shi a hankali, bayansa ya taɓa ƙasa, a ce na yi kaye, shi ke nan. Na san da wannan lokacin, ina tuna shi sarai. Amma ganga tana tashi, maroƙi yana kiran sunan kakana, mutane suna ihu, jikina kuma cike yake da ƙarfin da yake neman inda zai sauka. Na maka shi da ƙasa.

Ƙarar da na ji ba ta faɗuwa ba ce. Kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba, ya dai buɗe baki yana kallon sama. Aka ɗauke shi a tabarma aka fitar, aka ce ƙugu ne ya goce, ƙashin cinya kuma ya tsage. Ni kuma aka ɗaga hannuna.

Na ƙarshe da na kara da shi ɗan wani mahauci ne daga Gusau. Wuyansa kamar turmi, jikinsa yana sheƙi, ko da muka kama ƙamshin kitse na ji. Wannan bai san an yi fari ba. Wata uku na fura da tafin wake ba su kamo shekara ashirin na nama ba. Kafin maroƙina ya gama kirari ina ƙasa, yashi a bakina. Ina kwance na ga ana kwance masa maraƙin.

Ni da na zo na biyu, rabin buhu aka ba ni. Baba Mani ya ɗauka a ka har tasha, ba faɗa ba lallashi. Da muka shiga gida Inna ta dubi rabin buhun, ta dube ni, ta ce, "Sannu da hanya. Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Ta ce, "To alhamdu lillahi." Geron bai yi mana wata guda ba.

Na je rugar su Bello sau ɗaya. An kawo shi a kan jaki, maɗori ya ɗaure shi da karare. Yana kwance a bukka fuskarsa ga bango, aka ce barci yake. Inna Hassi ta amsa gaisuwata tana kallon ƙwaryar da take wankewa. Ban koma ba. Kafin tsakiyar rani suka kwashe sauran shanunsu suka yi kudu, aka wayi gari sai turaku da toka a wurin.

Innata kuwa ƙafafunta suka fara kumbura. In ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Gashinta ya yi ja, ya riƙa zuba. Lokacin da aka samu abin ba ta, cikinta ya daina karɓa, ko kunu ta sha sai ya dawo. Ta rasu da bazara, kwana kaɗan kafin ruwan farko. Mai maganin da muka kai ta wurinsa a Bungudu ya ce ba wata cuta ba ce, jiki ne ya cinye kansa.

Na ci gaba da kokawa bayan haka. Shekaru masu albarka sun zo, na ci kyaututtuka, har keke na taɓa ci. Amma ban sake ɗaga mutum sama ba, da ƙafa nake kayarwa. Mutane suna cewa salona ne.

Wancan lokacin, duk tsananinsa, muna da gonar da za mu yi wa kuka, muna da wata daminar da za mu jira. Lawali ba shi da rumbun da za a ƙirga, ba shi da mutum uku da za su ja ciki domin shi. Shi ne ma yake ja domin wasu. Gonarsa tana nan, ƙasa mai kyau, amma ciyawa ce a cikinta, wanda duk ya je dubawa sai an nemi kuɗin fansarsa.

Bara, cikin damina, ina zaune a bakin shago sai ga wani tsoho da sanda, yana jan ƙafar hagu, ya yi sallama. Ya ce ko akwai buhunan siminti da aka zazzage, yana so ya rufe inda suke kwana, ruwa yana dukansu. Na shiga na tattaro masa guda shida. Da na miƙa sai ya riƙe hannuna, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kaɗo?"

Na jawo masa benci. Ya ba ni labari a gajarce, kamar na wani. Sun yi shekaru a kudu, sun dawo sun zauna wajen 'Yandoto, shanu sun sake taruwa har sun kai arba'in. Ya ce, "Masu bindiga na daji sunka kwashe shanun. Mutanen gari kuma sunka ƙone bukkokin, wai mu da su duka ɗaya ne. Ɗana babba wajen ya rage, can munka rufe shi." Yanzu yana wani kango a bayan tasha da matarsa da jikoki.

Na kira mai fura na ce ta dama ta duk abin da ke aljihuna. Da madarar gari take damawa, don nonon shanu ya fi ƙarfin irinmu a Gusau yanzu. Wannan karon bai ce ya ƙoshi ba. Ya juya wa titi baya ya kafa kai. Na bari sai da ya sauke kwanon, sannan na faɗi abin da na yi shekara arba'in ina ɗauke da shi.

Na ce, "Bello, nonon da na sha a shekarar nan, naka ne. Na ji sadda Inna Hassi ta ce saniya guda ta rage. Na sha, na yi ƙarfi da shi, na zo na karya ka da shi. Ka yafe mani."

Ya goge baki da gefen rawani. Ya ce, "Ni nike tatsar ta."

Na ɗago kai na dube shi.

"Kowace safiya, da hannuna. Na san wa za ya sha, na kuma san mi za ya yi da shi. Geron da Innarka ta riƙa ba mu shi ya riƙe ƙannena uku, ba wanda ya mutu. Kana tsammanin ban san daga bakin wa anka cire geron ba? Na ga hannuwanta sadda take aunawa." Ya ɗan tsaya. "Yaushe ta rasu?"

"Bazarar da ta biyo."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To ka gani. Kai ka sha namu, mu munka ci nata. Wa za ya nemi gafarar wa?"

Ya naɗe buhunan ya sa a hammata, ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Na ce ya dawo ranar Juma'a, zan tara masa wasu. Ya ce in Allah ya kai mu. Na tsaya ina kallonsa yana tsallaka titi, ƙafar hagu tana share ƙasa, masu babur suna yi masa tsawa.

Na tara buhunan, sun kai ashirin. Juma'a ta zo bai zo ba, ta biyu ma haka. Da na je kangon bayan tasha sai na tarar mai wurin ya zo ya kore su, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Na tambayi mai shayin da ke gefe ko ya san inda suka nufa. Ya ce, "Baba, waɗanne daga ciki?"